Mun Samu Malama, Mun Samu Littafi, Saura Wurin Zama

Jawabin 'yan ajin yaƙi da jahilci a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

Uwar ƙungiya, Allah ya ƙara girma da lafiya. Hajiya shugaba, ma'ajiya, sakatariya, iyayenmu da ke zaune a sahun gaba, mai unguwa da 'yan rakiyarsa, mazajenmu da suka daure suka baro sana'a suka zo, da ku 'ya'yanmu da ke can baya kuna leƙe, muna yi wa kowa sannu da zuwa, barkanmu da ganin wannan rana. Waɗanda aka kafa ƙungiyar nan da su, yau ba sa cikinmu, Allah ya jiƙansu ya sa sun huta.

Kafin komai a yi mana afuwa. Wannan takarda mu 'yan aji muka rubuta ta da hannunmu, kowacce ta kawo nata, malama ta bi ta gyara mana inda muka ci baƙi ko muka manta ƙugiya. In kun ji an yi tuntuɓe wajen karantawa ku yi haƙuri. Shekara 2 da suka wuce, ko sunanmu aka rubuta a jikin bango wucewa za mu yi ba mu san da mu ake ba.

Kun san mu, ba baƙi ba ne. Yawancinmu mun haura shekara 40. Wasu a kasuwar birni muke da rumfa, wasu sai sun fita ta Ƙofar Doka sun je Tudun Wada, wasu kuma a gida suke sana'a ana biyo su. Akwai mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, mai daddawa da kuka, mai atamfa da mayafai, akwai masu ɗinkin hula. Lissafin kuɗi dai ba a fi mu ba, wannan kowa ya shaida. Amma lissafin a ka yake, bashi kuwa sanda-sanda muke ja da gawayi a bango, mu riƙe a zuci cewa wannan layin na wance ne.

Abin da ya tura da yawanmu aji, wayar nan ce. Tun da kuɗi suka koma cikin waya ciniki ya canza mana. Wata 'yar'uwarmu, tana nan zaune, ta yarda a faɗa amma ban da suna: wani ya sayi man gyaɗa jarka 2 a hannunta, ya danna waya ya miƙo mata ya ce ga shi ya tura. Ta kalli rubutun, ta gyaɗa kai, don kada a gane ba ta iya karatu ba. Da yamma ta je wurin mai POS ya duba, ko sisi bai shigo ba. Jarin da ta yi wata 5 tana zubin adashi kafin ta haɗa ke nan. Mako guda bayan nan ta rubuta suna a aji, mu kuma muka bi bayanta.

To, ba labarin shiga aji muka zo bayarwa ba. Maganar da muka kawo ita ce wadda ba mu taɓa zaton za ta zama matsala ba: ina mace za ta zauna ta yi karatun?

Aji sau 3 ne a mako, awa bibbiyu. Tun ranar farko malama ta gaya mana gaskiya, ta ce abin da aka koya ran Litinin in ba a maimaita ba, kafin Laraba ya gudu. Ta ce kowacce ta nemi ko rabin awa ne a kullum ta zauna da littafinta. Muka ce rabin awa ai ba komai ba ne. Ashe ba mu sani ba.

Ku dubi gidajenmu na cikin birni. Gida guda, magidanta 4 ko 5, kowa da iyalinsa, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Da asuba sanwa da shirya yara. Da rana kasuwa. Da dare in an yi sa'a a kawo wuta, in ba a kawo ba fitilar caji ɗaya ce, ita ma yara na aikin makaranta da ita. Kin samu kin buɗe littafi, wannan ya zo yana kuka, waccan ta zo aron ludayi, maigida ya yi baƙi a kai ruwa. Ga kunya. Mace da jikoki ta zauna gaban surukarta tana ba, bi, bu da ƙarfi, yaran gida na ƙyaƙyata dariya a bayan ƙyaure. Wata cikinmu ta ajiye littafin rubutunta a kan turmi ta shiga kashe wuta, kafin ta fito akuya ta cinye mata aikin mako 3. Kuna dariya, mu ma mun yi, amma ita ranar kuka ta yi.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, a Zariya muke. Malama ta zauna ta ba mu tarihi wata rana, muka riƙe baki. Ta ce jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a garin nan aka fara buga ta a 1939, marigayi Abubakar Imam na editanta. Kamfanin Gaskiya da muke wucewa ta gabansa a keke, tun 1945 yake nan. Shi kansa yaƙi da jahilcin da muke yi yanzu, lokacin da aka ɗaura masa ɗamara a Arewa a shekarun 1950, daga nan Zariya ake buga littattafansa ana rabawa lardi-lardi, har jarida aka yi mai suna Jakadiya. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga Barewa, ga Alhudahuda, ga kwalejin horon malamai, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Tun kafin zuwan boko kuma almajirai ke tahowa daga ƙasashe masu nisa su zauna a zaurukan malaman Unguwar Juma da Kona suna ɗaukar karatu. Daga ko'ina ana zuwa garinmu neman ilimi, mu da aka haifa cikin ganuwa mun rasa inda za mu shimfiɗa tabarma. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Sai muka ce zama bai kama mu ba. Muka raba kanmu bibbiyu, kowane biyu su duba unguwarsu da hanyar kasuwarsu, su nemo wurin da mace za ta zauna da littafi ba tare da ta biya ko kwabo ba. Ga abin da muka samo. Za mu faɗi amfanin kowane wuri da kuma aibinsa, don wadda za ta bi sawunmu kada ta sha wahalar da muka sha.

Na farko, ajin makarantar firamare bayan an tashi yara. Kusan kowace unguwa akwai firamare, kuma daga azahar zuwa washegari azuzuwan a rufe suke, ba kowa. Da farko mu kaɗai muka je, maigadi ya ce shi ba shi da iko, kuma gaskiyarsa. Sai muka koma ta hannun mai unguwa, shi ya haɗa mu da hedimasta da kwamitin iyayen yara. Aka ba mu aji ɗaya da sharaɗi 3: mu share kafin mu tafi, kada a taɓa abin da malami ya rubuta a gefe ɗaya na allo, mabuɗi kuma ya kwana a hannun maigadi. Amfaninsa, akwai allo, akwai shiru, ba yaron da zai zo neman nono. Aibinsa, bencin yara ne, wadda ke da ciwon gwiwa ta sha wuya, sai mun zo da tabarma. Ba wuta, don haka kafin magariba an tashi. In an yi dogon hutu kuma sai an sake neman izini.

Na biyu, Islamiyya. Wannan mun daɗe muna kallonta ba mu lura ba. Yawancin Islamiyyu ba sa karatu ran Alhamis da Juma'a, ɗakunan a buɗe suke ko a rufe ba aikin komai. Mun ji tsoron a ce mun kawo boko wurin karatun addini. Da muka je da ladabi muka yi wa malam bayani, bai hana ba, abin da ya roƙa kawai a kiyaye alfarmar wurin, kada a bar takarda mai ayoyi a ƙasa, kada a mai da shi dandalin hira. A nan muka gano wani abu: waɗanda suka yi nisa a allo tun suna yara, suka iya ajami, sun fi saurin kama boko. Ashe ba daga farko muka fara ba, akwai tushe. Wani amfanin kuma, maigidan da zai yi gardama in an ce za a je firamare, ba ya gardama in an ce Islamiyya.

Na uku, gidan tsohuwa. A birni zaure na maza ne, wannan mun sani, ba mu nemi a canza ba. Amma akwai gidajen da suka yi wa masu su yawa. Akwai wata gwaggonmu a unguwa, mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse Kaduna da Abuja, ita kaɗai da 'yar rainonta a gida mai ɗaki 4. Muka je gaishe ta, muka faɗi buƙatarmu, ta ce da ma shirun gidan ya ishe ta. Yanzu duk ran Asabar da Lahadi da hantsi muna tsakar gidanta a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ba ta karɓar komai. Mu dai mukan ja mata ruwa, mu share, wata ta zo mata da ƙosai. Tana zaune a gefe da carbinta tana sauraro, har ta iya rubuta sunanta ita ma. Malama ta ce wannan ba sabon abu ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, haka ta tsara 'yan taru: ta koyar da jajis, su kuma su bi mata gida-gida, ƙauye-ƙauye suna koyarwa. Ba ta jira an gina mata makaranta ba.

Na huɗu, rumfar kasuwa ita kanta. Duk 'yar kasuwa ta san tsakanin azahar da la'asar ciniki kan mutu, sai hamma da korar ƙuda. Mun yi yarjejeniya da maƙwabtan rumfa: ke ki duba rumfa 2 na rabin awa, ni in shige ciki da littafi, gobe mu juya. Kasuwa kuma cike take da abin karantawa kyauta. Kwalin sabulu, gwangwanin tumatir, buhun shinkafa, rasit, lambar NAFDAC, ranar da kaya za su lalace. Wata cikinmu da kanta ta karanta kwanan wata a jikin katan ɗin madara ta ga saura 'yan kwanaki ya ƙare, ta mayar wa dillali. A da sai dai ta saya ta yi asara, ko ta sayar wa mutane ba ta sani ba ta ɗauki alhaki. Aibin rumfa ɗaya ne, ba a iya karatu mai zurfi, don ana fara gane abu sai a ji nawa mudu.

Na biyar, laburare, wato ɗakin karatu na gwamnati. Mun je, don gani ya kori ji. Mun tsaya a bakin ƙofa muna tura juna, kowacce na cewa ke fara shiga, mun ɗauka za a tambaye mu takardar makaranta. Ba wanda ya kore mu. Muka rubuta suna a littafin baƙi da hannunmu, muka zauna kan kujera kamar kowa. Wallahi wurin akwai daɗin karatu. Amma lokacin da yake buɗe shi ne lokacin kasuwa, kuma karatu a can a zuci ake yi, mu kuwa har yanzu sai mun furta da baki kafin ya shiga. Manyan dakunan karatu na jami'a, irin na Kashim Ibrahim da ke Samaru da na Kennedy da ke Kongo, na ɗalibai ne da malamansu, haka tsarin yake, muna fatan 'ya'yanmu su zauna a cikinsu. Sai kuma maganar kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, duk kun san yadda kuɗin keke ya koma. Wurin da shigarsa kyauta ne amma zuwa da dawowa zai cinye ribar yini, ga 'yar kasuwa ba kyauta ba ne. Shi ya sa muka sa wa kanmu ƙa'ida: wurin karatu na kullum sai wanda ƙafa za ta kai.

Na shida, wuraren jira. Ku lissafa awa nawa mace ke ɓatawa a layi: bencin asibiti ranar awo ko riga-kafi, layin banki, wurin injin niƙa, tasha ana jiran mota ta cika. Yanzu kowacce cikinmu da ƙaramin littafi da fensir a jaka, kusa da lalitar kuɗi. Ranar farko mutane za su kalle ki. Rana ta biyu wata za ta matso ta ce, Hajiya, ina ake wannan karatun? Mata 3 ne suka shigo ajinmu ta wannan hanya.

Na bakwai, wayar da ta jawo mana asara tun farko. Muna da zaure a WhatsApp na 'yan aji. Da can duk saƙon murya ne. Malama ta kafa doka, ran Asabar ba murya, duk mai magana ta rubuta. Asabar ta farko zauren ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Yanzu har faɗa ake yi a rubuce. Sai dai ba kowacce ke da babbar waya ba, data kuma kuɗi ce, don haka ba mu ɗora nauyin karatunmu a kanta ba.

Akwai wuraren da muka gani amma ba namu ba ne. Samari kan zauna ƙarƙashin fitilun sola na bakin titi da dare, ko a harabar masallaci bayan isha'i, musamman in jarrabawa ta matso. Allah ya taimake su. Amma matar aure ba za ta zauna bakin titi da dare ba, budurwa ma ba za mu bar ta ba. A nan ne muka gane matsalar ba tamu kaɗai ba ce. 'Ya'yanmu mata masu shirin WAEC da NECO da JAMB, wa ya taɓa tambayar inda suke karatu? Yayanta namiji ya ɗauki littafi ya fice, ita tana gida da wanke-wanke da rainon ƙanne, sannan in sakamako ya fito a ce ba ta da ƙoƙari.

Ga darasin da muka koya wajen neman wuri, ga duk mai so ta gwada a unguwarsu. Kada ki je ke kaɗai, ku je ku 2 ko 3, mace ɗaya ana iya ce mata je ki dawo, ƙungiya kuwa ana saurararta. Ku bi ta hannun manya, mai unguwa ko liman ko uwar ƙungiya. Ku faɗi ranaku da lokaci tun farko, kuma ku tashi a kan lokacin ko da karatu ya yi daɗi. Ku bar wuri ya fi yadda kuka same shi tsabta. Kada a kai ciniki wurin, kada a kai gulma. Maigida ya san inda ake da lokacin dawowa. In an ba ku wuri, ku riƙa komawa kuna godiya, ko da goro ne. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, wuraren suna nan, amma kowanne aro ne, abin aro kuwa mai shi na iya karɓa ranar da ya so.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damunmu. Mu 23 muka fara aji, yau mu 15 ne. Cikin 8 da suka bari, ba wadda ta bari don kanta ya ƙi ɗauka. Ɗaya daga cikinsu ma ta fi mu duka kaifin kai, ita ke fara gane darasi ta juyo ta koya mana. Gidansu babban gida ne, ba ta da ɗakin da za ta rufe ƙofa. Duk sanda ta ɗauko littafi sai habaici, wai tsofai-tsofai da ita za ta zama likita. Firamaren da muke zuwa ta yi mata nisa, Islamiyyar unguwarsu kuma aka fara gyaran rufi aka rufe wata 2. Cikin wata 2 ɗin nan ta ja baya, da ta dawo aji ta ga mun wuce ta, kunya ta kama ta, ba ta sake zuwa ba. Kwanan baya mun haɗu da ita wurin biki, ta miƙo mana katin gayyata a ɓoye ta ce mu karanta mata ƙarfe nawa ne ɗaurin aure. Mun karanta mata, amma har muka dawo gida ba wadda ta iya cewa uffan. Da akwai ɗaki ɗaya tabbatacce da ta san kullum a buɗe yake, da yau ita ce ke karanta muku wannan takarda, don ta fi mu murya.

Saboda haka, Hajiya shugaba, ga roƙonmu a gaban kowa. Ƙungiya na da ɗakin ajiya a bayan ofis, wanda buhunan wofi da tsofaffin kujeru suka cika. Muna roƙo a ba mu shi ya zama ɗakin karatu. Shara da shafe da farar ƙasa mu za mu yi da hannunmu. Abin da muke nema daga asusu shi ne ƙaramar sola mai ƙwan fitila 2 da fanka, allo, tabarmi, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo na ajiye littattafai, saboda ɓera da gara. Ma'ajiya ta riga ta tambayo farashi a wuri 3, za ta karanta muku a taron wata mai zuwa kafin a ɗaga hannu.

Ba za mu ɓoye muku ba, kuɗin daga ribar bana za su fito, ma'ana kason kowacce zai ɗan ragu. Mun san halin da ake ciki. Mun san wata ta riga ta ƙulla lissafinta a kan kason nan, na kuɗin makaranta ko kayan ɗakin 'yarta ko hatsin azumi. Mu ma haka ne, ba daga wata kasuwa muke ba. Wadda ta ce ba ta yarda ba, ba mu ɗauke ta maƙiyiyar ilimi ba, tana da hujjarta. Abin da za mu ce kawai a ɗora a sikeli. Jarka 2 na man gyaɗa da suka tafi a yini ɗaya sun kusa rabin kuɗin solar nan. Shekara nawa muna biyan wani ya cike mana fom? Sau nawa aka kawo takardar rance muka dangwala yatsa ba mu san ruwa nawa aka rubuta ba? Littafin ƙungiyar nan ma, mutum nawa cikinmu ke iya buɗe shi ta duba zubinta da idonta? Ba zargin kowa muke ba, ma'ajiyarmu mai amana ce, ita da kanta take cewa nauyin ya yi mata yawa, tana so a samu masu dubawa tare da ita.

Mun kuma tsara yadda ɗakin zai yi aiki don kada ya zama wurin rigima. Da hantsi na matan da ke sana'a a gida. Bayan la'asar na 'yan kasuwa. Tsakanin magariba da isha'i na 'yan matanmu masu shirin jarrabawa, kullum da uwa ɗaya cikinmu zaune tare da su, a bi layi, kuma a raka kowace yarinya har ƙofar gida. Mabuɗi a hannun mutum 2. Littafi ba ya fita sai an rubuta suna. Ba sai 'yar ƙungiya ba, duk matar unguwa da ta zo da littafinta a matsa mata ta zauna.

Iyayenmu maza da mazajenmu, mun gode da kuka bar mu muka shiga aji, ba kowa ke samun haka ba. Abin da muke ƙara roƙo kaɗan ne: in kun shigo kun tarar da ita da littafi, a ɗan jinkirta neman ruwan wanka na minti 10. Ribar tana dawowa gida. Yanzu muna karanta takardar magani mu san sau nawa za a ba yaro, muna duba sakamakon makaranta da kanmu, ba a kawo mana na 30 a ce na 3 ne.

'Ya'yanmu, ku da muka yi tallar ƙuli-ƙuli da daddawa muka biya muku kuɗin makaranta, in mun tambaye ku baƙi ku gaya mana ba tare da dariya ba. Mu muka koya muku riƙe cokali, ba mu yi muku dariya ba. Littattafanku na firamare da kuka gama da su, kada a ba mai ƙosai ta naɗe, ku kawo mana. Wanda ke da Magana Jari Ce ko wani littafin Hausa da ke kwance a kwaba, akwatinmu na jira.

Ku kuma 'yan'uwa mata da ba ku shigo aji ba tukuna, an ce gemu ba ya hana ilimi, to furfura ma ba ta hanawa. Kunyar mako ɗaya ce. Wadda ta karɓi wannan mujalla ta kasa karantawa, ta ba 'yarta ta karanta mata, sannan ta ajiye ta a ƙasan akwati. In Allah ya kai mu taron baɗi ta ɗauko ta karanta da kanta. Su kuma 'yan'uwanmu 8 da suka tsaya a hanya, duk wadda ke maƙwabtaka da ɗayarsu ta kai mata saƙo: ba mu goge sunanta a rajista ba, kuma ranar da aka buɗe ɗakin za mu je har gida mu taho da ita.

Muna godiya ga malamarmu da ke haƙuri da mu, tambaya ɗaya sau 10 ba ta taɓa ɗaure fuska ba. Muna godiya ga mai unguwa, da hedimasta, da malamin Islamiyya, da gwaggonmu mai tsakar gida, da maigadin da ke jiran mu share mu ba shi mabuɗi. Allah ya saka wa kowa da alheri. Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka da haɗin kai, ya kawo kasuwa mai albarka, ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da Zazzau da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure a yafe mana.